Biran da Suka Bar Kan Mayo

Lahadi, 2 ga Yuni, 2024

Yau a coci Fasto Dennis ya karanta sabuwar doka. Daga yau ba farauta a kan mayo, inda rafinmu yake fitowa daga dutse, ba sare itace, ba sa wuta. Wai wasu mutane daga Mubi sun kawo mana ƙananan itatuwa a leda, za a dasa inda masu gawayi suka aske dutsen. Ya yi wa'azi mai tsawo, ya ce Allah bai ba mu daji don mu cinye shi ba, amana ce, za a tambaye mu. Na ji. Ban ce ƙarya ya yi ba.

Sai ya ce dattawan ikilisiya su ɗaga hannu su yi alkawari a gaban jama'a. Mu bakwai ne. Na ɗaga nawa. Me zan yi, kowa yana kallo.

Sannan aka kira mai tsaron dutse. Har na gyara zama. Shekara hamsin ina hawan dutsen nan, babu ramin da ban san mai shi ba. Sai na ji an ce Ticha Ephraim.

Ephraim. Mutumin da ko kaza matarsa ke yanka masa.

An ba shi koriyar riga, takalmin ruwa, usur, da madubin hangen nesa. Zumuntar mata suka yi guɗa. Rigar ta yi masa yawa.

Litinin, 3 ga Yuni

Ya wuce ta ƙofar gidana sau biyu da rigar. Hanyar dutse ba ta nan take ba.

Alhamis, 13 ga Yuni

Matata Salomi ta ce na cika ƙorafi, in rubuta a littafi in bar kunnenta ya huta. To ga shi ina rubutawa.

Ni da Ephraim shekara ɗaya aka haife mu. Ranar da malamin mishan ya zo neman yara, mu biyu muke kiwo a bayan gari. Babansa ya ce a tafi da shi. Nawa baban ya ce wa zai kula da awaki. Shi ke nan. Shi ya zama ticha, yana cin fansho, ya yi rufin kwano sabo a bakin mayo. Ni na zama Elkana maharbi. Ban taɓa jin kunyar wannan ba. Lokacin da muka dawo daga gudun hijira gidaje babu hatsi, naman wa aka ci a unguwar nan? Shi ma ya ci. Cinya guda na aika masa, ban manta ba.

Abin da ya fi ci mini rai, rubutun nan ma shi ya koya mini, a ajin manya na coci, ina da shekara sittin. Ya kama hannuna kamar na yaro yana cewa "Elkana, lanƙwasa kan ƙ ɗin." Yanzu ko zaginsa zan yi a takarda, da baƙaƙensa nake yi.

Na tambayi Fasto dalili. Ya ce, "Baba Elkana, aikin akwai cika takarda da Turanci." Na ce birai suna jin Turanci ne? Ya yi dariya kawai.

Asabar, 22 ga Yuni

Na hau kan mayo da sassafe ta bayan gonar gyaɗa, inda ba mai bi. Na kafa tarko uku da wayar birkin babur. Bindiga tana da ƙara, waya ba ta magana.

Ba yunwa ba ce. Ina so in ga ko mai madubi zai gan su.

Lahadi, 7 ga Yuli

Yanzu kowace Lahadin farkon wata Ticha yana karanta rahoto a coci bayan an tara kuɗin baiko. Birai ashirin da uku. Zabbi goma sha ɗaya. Sawun gada a wuri huɗu. Na san wurin da yake nufi. Sawun akuyar Binta ne mai tallan nono, ta nan take ratsawa da ita.

Na yi tari, Salomi ta harare ni daga ɓangaren mata.

Sati biyu yana wuce tarkona da taku goma. Yana kallon sama da madubi. Dabba a ƙasa take rubuta labarinta, shi yana neman ta a gajimare.

Laraba, 17 ga Yuli

Gada ta shiga ɗaya. Na feɗe ta a can, na kawo naman a buhu. Na ce wa Salomi akuya ce na saya a Muchalla.

Ta ɗaga ƙafar ta duba kofaton. "Baban Margret, shekara arba'in da biyar ina dafa maka nama."

Na sunkuya ina naɗe buhun.

"Ba zan gaya wa kowa ba. Amma ba a tukunyata ba. Da hannun nan ka yi alkawari."

Na gasa da kaina a bayan rumbu. Bai yi daɗi ba, gishiri ya yi yawa.

Talata, 6 ga Agusta

Kwana huɗu ruwa bai ɗauke ba. Ba mai ƙarfi ba ne, irin mai jiƙa ƙasa a hankali ne.

Biran sun bar babban ɓauren kan mayo. Tun ina yaro a nan suke kwana, ko lokacin da nake harbinsu ba su bar shi ba. Yau ga su a kan duwatsun bayan coci, a wannan ƙetaren, da 'ya'yansu a baya. Ticha yana ta murna, yana kiran mutane su zo su duba ta madubi. Ni ma ya miƙo mini. Na ce idona bai mutu ba tukuna.

Amma abin ya tsaya mini. Biri ba ya barin makwancinsa a tsakiyar damina.

Juma'a, 9 ga Agusta

Na je duba tarko. Da ban je ba.

Sama da ɓauren, inda masu gawayi suka gama da itatuwa, ƙasa ta tsage. Tsagar ta bi gefen dutse kamar an ja layi da wuƙa, na bi ta taku sittin ban ga ƙarshenta ba. Faɗinta yatsa biyu. Idon ruwan da muke sha tun kakanni, wanda ko da damina fari yake fitowa, yau ja ne. Itatuwa biyu da suka rage sun sunkuya suna kallon gari. Kuma agwada, masu kuka a kan duwatsun nan duk safiya, ko ɗaya ban ji ba. Shiru kamar an yi mutuwa.

Babana ya ba ni labarin shekarar da dutse ya yi tafiya, kafin a haife ni. Ya ce birai ne suka fara tashi, sai ruwa ya yi ja, sai agwada suka yi shiru. Bayan kwana tara gefen dutse ya sauko ya rufe gidaje huɗu da mutanensu. Shi ya sa tsofaffi ba sa gini a bakin mayo ta wancan gefen. Yanzu tsofaffin sun mutu, an yi gini.

Gida biyar ne a ƙarƙashin tsagar. Na farko, mai sabon kwano.

Asabar, 10 ga Agusta

Na koma na yi yadda Baba ya ce ana yi. Na yanka karan dawa daidai faɗin tsagar, na tokare shi a ciki. In ya kwana a wurin, ƙasa tana tsaye. In ya faɗa, tana buɗewa.

Ga matsalar. In na faɗa, za a ce a ina ka gani. Tsagar tana tsakiyar wurin da aka hana shiga, tarkona na biyu yana kusa da ita taku biyar. Dattijon ikilisiya da ya ɗaga hannu. Horo ne kai tsaye, bencin baya, a cire ni daga dattawa. Kujerar nan ita kaɗai ce abin da nake da shi daidai da Ephraim. Shekara goma sha biyu muna zaune a jere, ba wanda ya fi wani tsawo.

Zan iya cire tarkon in ce itacen magani na je nema. Shi ma an hana. Kuma ƙarya a gaban Fasto, bayan wadda na riga na yi.

Shi ne mai tsaron dutse. Aikinsa ne. An ba shi madubi, ya gani mana.

Lahadi, 11 ga Agusta

Mutanen Mubi sun zo da mota, mace ɗaya da maza biyu. Aka sa Ticha ya yi rahoto na musamman. Birai arba'in da ɗaya, in ji shi, kuma sun sauko har bayan coci. Ya ce tun da muka daina cutar da su sun daina tsoronmu, halitta ta yafe mana, Allah ya karɓi tubanmu. Aka yi ta tafi. Matar ta ɗauke shi hoto da wayarta, shi da Winifred matarsa.

Gudu suke yi, Ticha. Ba yafiya ba ce, gudu ne.

Na buɗe baki. Sai na ga yadda ake tafa masa, na rufe.

Aka yi jibin Ubangiji, ana zagayawa da gurasa da ƙoƙo. Da ƙoƙon ya zo wurina na miƙa wa na kusa. Hannuna ne ya ƙi. A hanya Salomi ta ce, "Gadar ce har yanzu?" Na ce ciki ne ke damuna. Ta ce, "Na ga alama."

Litinin, 12 ga Agusta

Karan ya faɗa. Na sa wani, yatsa huɗu.

Na biya ta gidan Ticha kamar wucewa nake yi. Winifred tana shanya kaya a ƙarƙashin rumfa. Na ce, Maman Eric, da ku je gidan ɗanku a Mubi ku yi sati, daminar nan ba ta yi mini ba. Ta yi dariya ta ce wa zai tsare mata kaji.

Shi ya fito da littafinsa. Yana da wata kwalba da aka ba shi ta auna ruwan sama. Ya ce ruwan bana bai kai na bara ba, ga lamba. Na ce dutse ba ya karanta lamba. Ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon aji.

"Elkana, ka ga wani abu ne?"

Na ce mafarki na yi.

"To a yi addu'a," in ji shi. Ya ba ni masara biyu gasassu. Na karɓa, ban san dalili ba.

Talata, 13 ga Agusta

Na biyu ma ya faɗa. Hannuna yana shiga har gwiwa. Kwana bakwai ke nan da tashin birai.

Na yi addu'a na ce Ubangiji ka nuna wa Ephraim da kanka. Ina cikin faɗa na ji yadda maganar take a kunne. Ya riga ya nuna wa wani.

Laraba, 14 ga Agusta

Na yi.

Da safe na je gidan Fasto, na ce a kira Ticha. Ban zauna ba. Na ce tun watan shida ina kafa tarko a kan mayo, na kama gada ɗaya da beguwa ɗaya, ku yi abin da za ku yi da ni daga baya, amma yanzu ku sa takalmi.

Ephraim ya ce, "Nawa ne tarkon?" Na ce uku. Ya ce, "Ban ga ko ɗaya ba." A hankali ya faɗa, kamar shi kaɗai. Wata biyu ina jiran in ji wannan daga bakinsa. Da na ji, bai yi mini daɗin da nake tsammani ba.

Muka hau. Takalmin ruwan nan ba na dutse ba ne, sau uku yana zamewa, na ƙarshe sai da na kama shi ta wuyan rigar. Da muka kai na nuna musu ruwan, itatuwan, karan dawa biyu a can ƙasan ramin. Ya durƙusa ya sa hannu. Ya daɗe. Sannan ya tashi ya kalli ƙasa, daga nan kwanon gidansa yana ƙyalli.

"Biran," ya ce.

Na ce e, biran.

"Ni kuma na tsaya a gaban jama'a na ce sun yafe mana."

Ina da amsa, na haɗiye.

Kafin la'asar an kwashe gida biyar zuwa coci da ajin yara. Hatsi, katifu, awaki. Na ɗauki keken ɗinkin Winifred a kaina. Yana da nauyi.

Alhamis, 15 ga Agusta

Ba abin da ya faru. Rana ma ta fito.

Juma'a, 16 ga Agusta

Shiru. Friday mai acaba, wanda gidansa ne na uku, yana faɗa a bakin coci cewa an kwashe shi da iyali saboda tsohon ɓarawon gada ya ga biri ya canja ɗaki. Mutane suka yi dariya. Ni ma da na yi in da wani ne.

Dattawa sun zauna da yamma ba ni. Fasto ya zo da kansa ya gaya mini. Horo wata shida, bencin baya, ba jibi, kujerar kuma sai abin da aka gani. Ya ce, "Baba, ka yi daidai, amma doka doka ce." Na ce na sani, ni ma na yanke wa wasu irin wannan.

An ce Ephraim ya roƙa a sassauta. Ban sa shi ba. Ba na son sassaucinsa.

In dutsen nan bai sauko ba na rasa kujera a banza. Na kama kaina ina fatan ya sauko. Allah ya gafarta mini, ban san irin mutumin da nake ba.

Asabar, 17 ga Agusta

Bari in rubuta tun yana sabo.

Ruwa ya dawo da safe. Da rana ya ɗan tsaya, sai mutane suka ce sun gaji da kwanan benci, za su koma. Friday ya ɗora katifa a babur. Mata biyu sun ɗauki tukwane. Na tsaya a hanya na ce kada ku je, suka ratsa ta gefena kamar kututture ne.

Sai Ticha ya zo da koriyar rigar ya tsaya a tsakiyar gadar katako ya hura usur. Ya ce duk wanda zai ƙetare sai dai ya ture shi cikin mayo. Ya kira su da sunayensu ɗaya ɗaya, da muryar nan tasa ta aji, rabinsu shi ya koyar. "Friday, sauke katifar nan." Friday ya sauke. Winifred ta ce kajinta kawai za ta buɗe wa. Ya ce, "Ko ke."

Ba a yi awa ɗaya ba. Wajen ƙarfe uku aka ji ƙara kamar manyan motoci goma suna juye dutse. Biran bayan coci suka kaure da ihu. Muna tsaye muna kallo gefen dutsen ya taho, da ɓauren a tsaye a kansa, yana tafiya kamar mutum. Baba bai ƙara gishiri ba, tafiya yake yi.

Gida uku babu su. Na Ticha ko kwano ɗaya ba a gani. Na Friday ma. Ba wanda ya mutu. Fasto ya ƙirga mu sau biyu, sannan ya durƙusa a cikin taɓo, kowa ya durƙusa.

Ni na ga tsagar. Amma da ni kaɗai ne a kan gadar nan, da yanzu ana tonon gawa. Na rubuta wannan sau ɗaya, ba zan sake ba.

Lahadi, 25 ga Agusta

Bencin baya yana da ƙusa a gefen hagu. Shekara goma sha biyu ina dattijo ba wanda ya gaya mini.

Mutanen Mubi sun dawo da barguna. Matar ta ce Ticha Ephraim ya ceci rai talatin da biyu. Ya tashi ya ce ba shi ba ne, ga mai shi can a baya, kuma kafin shi birai ne, kafin birai Wanda ya yi musu kunne. Kowa ya juyo. Ban san inda zan sa idona ba. Ya yi ta magana, ya cika tsawaitawa, halinsa ne. Hoton dai shi aka sake ɗauka.

Suna gidana, shi da Winifred, a tsohon ɗakin Margret. Salomi ce ta kawo su, ba ta tambaye ni ba. Yana gyara mini yadda nake riƙe biro.

Asabar, 7 ga Satumba

Mun hau tare. Ba don shi ba. In an bar shi shi kaɗai zai faɗa rami, a ce a gidana yake zaune.

Na sa shi ya bar takalmin ruwan ya sa tsohon silifas na taya. Na nuna masa bambancin sawun gada da na akuya. Ya ce duk wata uku akuyar Binta yake rubutawa? Na ce ita ce. Ya yi dariya har ya zauna a kan dutse.

Mun dasa itatuwa ashirin sama da inda ya zaftare. Awaki za su cinye su, don haka na zagaye su da ƙaya, na ɗaure da wayar birkin nan. Tana da ƙarfi, asara ce a jefar. Ya ga wayar, ya gane ta, ya ci gaba da dasawa.

Ya ce in faɗa masa duk alamun da Baba ya koya mini ya rubuta. Na ce zan rubuta da kaina, ina da hannu.

Biran sun sami wani ɓaure a gabas. Ya ƙirga arba'in da ɗaya. Arba'in da huɗu ne, uku suna manne a cikin uwayensu. Na karɓi madubin don in tabbatar kawai. Yana nunawa, ba laifi.

Da za mu sauko gada ta fito daga ciyawa, taku goma sha biyar, iska tana gefenmu. Ta tsaya tana kallona. Hannuna ya tafi kafaɗa da kansa, ba komai a wurin. Ticha yana laluben biro yana tambaya ina, ina.

Na ce rubuta. Gada ɗaya, mace, tana da ciki. Kuma ka rage murya, za ka tsorata ta.